Littafin Duwatsu

Kowace shekara, idan an gama ɗaure gero, hunturu ya kama, wani malamin makaranta a Dogon Dutsi yakan ɗauko littafinsa mai baƙin bango, ya rataya gorar ruwa, ya fita kafin rana ta ɗaga. A littafin nan yake rubuta duk dutsen da ya taka ƙololuwarsa, da ranar hawa, da lokacin da hawan ya ci.

Ya fara da dutsen da garin ya ci sunansa. A shekarar farko ya hau shida. A ta biyu ya bi gaɓar Dallol Mawri ya yi arewa, wajen Matankari da Bagaji, ya ƙara tara. A ta uku ya gangara kudu, ta Kore Mairuwa da Tibiri. Duwatsun Arewa ba su da tsawon a zo a gani. Kansu a shimfiɗe yake kamar faifai, wahalarsu tana ga jar tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. Da ƙafar ta saba, sai ransa ya koma ga duwatsun Bagzan na ƙasar Ayar, inda Idukal-n-Tages, ƙololuwar Nijar, ya kai mita 2,022. Kuɗin tafiya da halin tsaron hanya suka hana.

Yana cikin wannan takaici ya je wajen Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Da ya sauko daga wani dutse, sai ya iske wani dattijo yana kiwon awaki.

"Malam, wane dutse ka hau?"

"Na ashirin da uku, Baba."

Dattijon ya yi murmushi. "Ashe lamba gare shi? Mu da suna muka san shi."

Ya faɗa masa sunan, da dalilin sunan. Malamin ya gaji, rana ta yi, bai rubuta ba. Ya ce sai baɗi. Da baɗi ta zo, dattijon ya riga mu gidan gaskiya, sunan kuma ya ɓace wa malamin. Samarin da ya tambaya suka nuna da hannu, suka ce, "Dutsin can."

Tun daga ranar ya sake ƙa'ida: dutse ba ya shiga littafi sai da sunansa, daga bakin dattawa biyu, a rubuce yadda suka furta. Ba ya gyara musu harshe zuwa Hausar littafi. Idan sun ce hwako, ba ya mayar da shi fako. Ya lura ma cewa rubutun Faransanci na Doutchi ya adana abin da daidaitacciyar Hausa ta rufe, domin a karin harshen yamma ts kan karkata zuwa tc a gaban i da e.

Lissafi ya ragu. Bara duwatsu huɗu kawai ya ƙara, don zaman tabarma da tsofaffi ya fi hawa cin lokaci. Bana ya koma shafin farko, yana sake hawan waɗanda ya san su da lamba. A gaban na ashirin da uku har yanzu fili ne, kuma ya ƙi ya soke layin.