Fiyanon da Ba Shi da Murya, da Kalangun Fadarmu

A ɗakunan da samarinmu na zangon Kumasi ke haɗa waƙa akwai wani abu mai kama da ƙaramin fiyano, maɓallansa 25 ko 49, da kunnuwan murɗawa a jere, da 'yan faifan roba da ake bugawa da yatsa. Wanda bai sani ba zai ɗauka kayan kiɗa ne. Amma a zare wayarsa daga kwamfuta, a yi ta dannawa har gobe, uffan ba zai ce ba. Ɗan aike ne kawai.

Mu da muka tashi da allo da tawada ba mu sha wuyar gane wannan ba, domin alƙalami ma ba ya karatu, sai an sami mai baki. Harshen da na'urar ke aike da shi sunansa MIDI. Masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan ne suka daidaita a kansa a 1983, Dave Smith da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland suna kan gaba. Saƙon gajere ne: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Ƙarfin kuwa lamba ce daga 0 zuwa 127. Manhajar cikin kwamfuta, FL Studio ce ko Cubase, ita ke karɓar lambar ta ba ta murya. Shi ya sa abin da aka buga da safe da muryar jita, da yamma sai a mayar da shi sarewa ba tare da an sake bugawa ba. Kunnuwan ma haka: a nuna wa manhaja aikin da ake so, a murɗa kunne sau ɗaya, shi ke nan ta haddace.

Wannan duk mun yaba. Yaro ɗaya a ɗaki ɗaya yana yin abin da dā sai an tara mutum shida.

Inda muka tsaya shi ne kalangu. Harshenmu na hawa da sauka ne. Kukan jariri da kukar miya rubutunsu ɗaya, karin murya ya raba su. Kalangu yana iya magana ne saboda makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata yana sassautawa, fata ta ɗame, sauti ya hau, ta saki, ya gangaro. Maɓallan fiyano kuwa matakala ce, kowane taki da wurinsa, alhali taken sarki sulɓi yake yi a tsakanin matakan. Akwai wani ɗan gare a gefen hagu na na'urar da ake turawa don lanƙwasa sauti, kuma matakansa 16,384 ne, ba 128 ba, saboda haka laifin ba na ƙarfe ba ne. Laifin shi ne babban yatsa bai san abin da hammata ta sani ba, kuma yawancin masu turawar ba su taɓa zama gaban makaɗi sun ji abin da gangar ke faɗi ba. Ga kuma umarnin nan da ke jera kowane bugu daidai kan layi. Ɗan jinkirin da tsohon makaɗi ke yi da gangan kafin ya ambaci sunan kakan mutum, manhaja kuskure take ganinsa, sai ta gyara.

Abin ya wuce gardamar daɗin kunne. A bukukuwan aure da suna yanzu an fi kiran mai kwamfuta, domin ya fi araha. Makaɗan fada sun manyanta, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in, kuma jikokinmu da yawa Twi da Turanci sun fi Hausa sauƙi a bakinsu. Idan take ya ɓace, jerin sunayen waɗanda suka zo da fataucin goro suka kafa unguwannin nan ya tafi tare da shi, don ba duka aka rubuta ba.

Abin da muka roƙi samarin shi ne su daina tsinto bugu ɗaya-ɗaya daga intanet. Su kira makaɗan, su biya su haƙƙinsu, su naɗi kowane take cikakke, sannan su ɗora shi a kan faifan roba guda, yadda in an taɓa zai fito da numfashinsa. Mu kuma a fada muna rubuta ma'anar kowanne da ajami da boko, da sunan wanda ya buga, da gidan da ake yi wa shi.