Tsatsar da Ta Fi Fenti Daraja

A Amurka, mai farfaɗo da tsohuwar Mustang yakan shafe shekaru yana kankare tsatsa da farautar kayan asali, amma sau da yawa tayin kasuwa ba ya kai abin da ya kashe. Masu saye tarihi suke biya wa kuɗi.

A Janairun 2020, a Florida, aka yi gwanjon Mustang ƙirar 1968 wadda Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Fentinta ya dushe, tsatsarta na nan. Aka sallama ta a dala miliyan 3.74. Da an yi mata kwaskwarima, da shaidar ta goge. Gwanin gyara ya san inda zai tsayar da hannu.