Maraussan: Inda Giya Ke Rasa Sunan Mai Ita

Daga Béziers, a kudancin Faransa, tafiyar 'yan mintoci ce a mota zuwa ƙauyen Maraussan, kuma dama da hagu babu abin da ido ke cin karo da shi sai gonakin inabi, layi bayan layi, har gindin tsaunuka. Ƙasar fara ce, mai tsakuwa. Iskar da suke kira tramontane tana kaɗawa daga arewa maso yamma, busasshiya, ita ce ke hana ruɓa kama 'ya'yan inabin. A watan Satumba, lokacin kaka, taraktoci ne ke cika hanya, kowace na jan akori maƙil da baƙin inabi, ruwansa na ɗiga a kan kwalta.

Ni ba na shan giya, addinina ya hana. Abin da ya kai ni yankin Languedoc shi ne manomi da kasuwarsa, domin nan ne ɗaya daga cikin yankunan inabi mafi faɗi a duniya, kuma kaso mai yawa na jar giyar da ake yi a nan ba ya fita da sunan wanda ya noma shi. Yana fita ne da sunan da babban kanti ya zaɓa: Carrefour ko Leclerc a Faransa, Tesco a Ingila, Aldi ko Lidl a Jamus.

A bakin ƙauyen tsohon ginin ƙungiyar gama-kai ta manoma yake tsaye. An kafa ƙungiyar a 1901, aka gina masana'antar a 1905, ɗan siyasar nan Jean Jaurès ma ya ziyarce ta a shekarar. Ƙananan manoma ne suka haɗa kai don kada dillali ya ci gaba da yanka musu farashi ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan gine-gine sun cika ƙauyukan yankin, sai dai aikin yau ya koma cikin tankunan ƙarfe masu ƙyalli, waɗanda tsayinsu ya kai bene. Warin tsami ne ke fara tarbar baƙo tun daga ƙofa. Manomi ya kawo kayansa, a auna nauyi, a auna zaƙi, a juye a rami ɗaya da na maƙwabcinsa. Daga wannan lokacin babu mai iya cewa ga inabin wane.

To yaya ake gane mai kyau a cikin irin wannan teku? A wani ɗaki fari fes, mai kama da ɗakin gwajin asibiti, na ga yadda ake yi. Kwalabe ne jere, babu suna, sai lamba. Mai ɗanɗano ya ɗaga kofi ya dubi launi, ya shinshina, ya kurɓa, ya wuce da shi lungu-lungu na baki, ya tofar a mazubi. Abin da yake nema shi ne daidaito tsakanin tsami, ƙarfi da bauri, wannan baurin da fatar inabi da ƙwayarsa ke bayarwa, sannan ya lura ko ɗanɗanon na daɗewa ko yana ɓacewa nan take. Na'ura kuma ta auna ƙarfin barasa da sinadarin da ke hana lalacewa. Wakilin kanti yakan zo da farashin da yake so ya sayar da kwalba a ransa, sai a yi ta gauraya, a ƙara ta inabi nau'in Syrah don launi, a ƙara Grenache don taushi, a sa Merlot ko Carignan, har a sami abin da ya dace da kuɗin. Wato farashi ne ke gaba, ɗanɗano na biye.

Wannan bai sa kayan ya zama na banza ba. Kanti ba ya biyan kuɗin talla irin na manyan sunaye, yana saye da yawa, ana ɗaukar giyar a tanka ko a wata babbar jaka ta roba mai cin lita 24,000 a cikin kwantena, a dura a kwalba kusa da kasuwa. Don haka mai saye na iya samun kaya mai tsafta a farashi mai sauƙi. Amma sunan da ke gaban kwalba, da hoton wani tsohon gidan sarauta, ba su shaida komai. Mun san irin wannan a kasuwanninmu, inda ake juye shinkafa a buhun da ba nata ba.

Shaidar gaskiya tana cikin ƙananan rubutu. Idan an rubuta Vin de France kawai, daga ko'ina a ƙasar take, kuma babu iyaka kan yawan abin da gona za ta fitar. Idan IGP Pays d'Oc ce, alamar da aka fara a 1987, doka ta tsayar da jar giya a lita 9,000 a kowace hekta. Ta AOP Languedoc kuwa kusan lita 5,000 ce, kuma inabin da ba a matsa wa itacensa ba ya fi ƙarfin ɗanɗano. Akwai kuma haruffan EMB da lambobi, masu nuna inda aka dura: 34 na nufin lardin Hérault, 11 lardin Aude. Lambobin yabo masu ruwan zinariya da ake mannawa, a ganina, a yi musu kallon tsanaki, tunda mai kaya ne ke biyan kuɗin shiga gasa, gasannin kuma suna da yawa.

Mutanen nan ba sa ɗaukar maganar algus da wasa, kuma suna da dalili. A 1907, giyar jabu da ake haɗawa da sukari da ruwa, ga kuma yawan kaya har da wanda ke shigowa daga Aljeriya, suka karya farashi warwas. Marcelin Albert, wani manomi daga Argeliers, ya jagoranci bore. Dubban ɗaruruwan mutane suka taru a Montpellier ranar 9 ga Yuni. Sojoji suka buɗe wuta a Narbonne, aka rasa rayuka. Wasu sojojin runduna ta 17, 'ya'yan yankin, suka bijire, suka zo suka yada zango a babban dandalin Béziers, inda yau mutane ke shan iska a inuwar itatuwa. Kafin watan ya ƙare aka yi dokar hana ƙara ruwa da taƙaita sukari. Fushin bai mutu ba: a 2016 manoma sun tare tankokin giyar Sifen kusa da kan iyaka, suka malalar da ita a titi.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon manomi. Sau da yawa litar jar giya a tanki ba ta kai yuro 1 ba, alhali kwalba, murfi, sufuri, haraji da ribar kanti ne ke cinye mafi yawan abin da mai saye ya biya. Kanti kuma na iya sauya mai kawo masa kaya badi, sunan kwalbar na nan yadda yake, mai saye bai sani ba. Ga shi Faransawa sun rage shan jar giya ƙwarai. A 2024 gwamnati ta ware yuro miliyan 120 don biyan manoma yuro 4,000 kan kowace hektar da suka tumɓuke, kuma Languedoc na cikin yankunan da suka fi neman kuɗin. A hanyar Narbonne ana ganin filayen da aka riga aka share, an tara kututturan inabi gefe guda ana jiran ƙonawa.