Tsohuwar kat-kat da filtar baƙin mai

Mu da muke bin hanyar Dakoro ko ta Tanut da tsofaffin Land Cruiser mun san ƙura ba ta raga wa inji. Injin 1HZ mai silinda 6 yakan daɗe yana aiki, amma fa sai baƙin mansa yana da tsabta. Aikin filta ke nan: takardar cikinta ce ke tare ƙasa da ɓarɓashin ƙarfe.

To, a kasuwa kwali ba ya faɗin gaskiya, jabu ma an buga mata suna. Shi ya sa muke tafiya da tsohuwar filtar, mu gwada lamba, mu dubi bakin murɗawa da robar. In muka ji ta sakayau a hannu, sai mu aje. Jabu takan toshe da wuri ko takardar ta yage, mai datti ya riƙa cin inji a hankali.

Mukan sake ta duk juyen mai, wajen kilomita 5.000, mu shafa wa robar mai, mu ɗaure da hannu. Ƴan jikkunan da aka rage a kanti ba su jawo mota daga daji, balle da mara lafiya a baya.