Kunyar Da Ta Cinye Mana Inji

Ni da na saba sa wa taurarin littattafaina magana a baki, yau zan ba ku labarin ranar da nawa bakin ya mutu.

Da aka sake buɗe bodar Nijeriya da Nijar a watan Maris na 2024, Hajiyarmu ta ce sai mun je Maraɗi ta ga ƙanwarta, don rabonsu da juna tun kafin juyin mulkin Yulin 2023. Yaya ya kai motar da marigayi Babanmu ya bar mana kamfanin da aka saye ta a Kano, suka yi juyen baƙin mai. Da ya dawo ya yar da rasit a kan tabarma, ni kuwa na tsince shi na yi alamar shafi da shi a littafin rubutuna.

Washegari muka kama hanya. Mun wuce Katsina ke nan, ina gefen Yaya, sai na ga wata 'yar jar fitila mai kama da buta tana ƙyaftawa a gabansa. Shi ko yana ta hira da Hajiya. Har na buɗe baki, sai zuciyata ta ce, "Ke me kika sani a mota? Yanzu ya ce kin cika iyayi." Na yi gum.

Dab da Magamar Jibiya muka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, mota ta tsaya cak. Wani dattijon bakanike ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana girgiza kai.

"Alhaji, inji ya buga. Notin da ake kwancewa a zubar da mai ne ba su ɗaure sosai ba, mai ya tsiyaye, ƙarfe ya ci ƙarfe. Da an kashe ta lokacin da fitilar mai ta kama, da galan ɗaya ya ishe ku."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka sa Hajiya a motar haya ta tsallaka Ɗan Isa tana hawaye. Dattijon ya ce kada kowa ya buɗe injin sai masu aikin sun gani. Muka ɗauki hotuna, aka jawo ta Kano.

Kamfani suka yi tsalle suka dire, wai wani gareji muka kai ta. Sai na zaro rasit, ga kwanan wata ga lambar mota. Yaya ya ce zai kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Nan jikinsu ya yi sanyi, suka yarda da rabin kuɗin inji ɗan Kwatano, wai sauran laifin direba ne da bai tsaya ba.

Daren nan na durƙusa na ce, "Yaya, ni fa na ga fitilar." Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Auta, gara in yi miki faɗa sau goma da wannan shirun naki." Kuɗin da nake tarawa na buga sabon littafina da su aka cike gurbin.

To 'yan uwa, kunya ado ce, amma ba a wajen da ake shirin yin asara ba. In kin gani ki faɗa cikin ladabi, kuma kada ki raina takarda komai ƙanƙantarta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.