Bakin waya ya kusa raba shi da aikin sa

Duk ɗan kallon da ya taɓa leƙa situdiyon haɗa sauti a Kano ya san siffar yaron: hedifon a kai, ido a kan kwamfuta, ana yi masa magana ba ya ji. Shi ne mai tace muryar jaruma daga kukan janareto kafin fim ya iso gare ku. Wannan da ake magana a kan sa shekarar sa ta uku ke nan a wani ƙaramin situdiyo, kuma in ba mai haƙurin karanta sunayen ƙarshen fim ba, babu wanda ya san da shi.

Wata rana ogan sa ya sayo amfilifayar hedifon, irin wadda ake kira mai balans. A gaban ta ramuka uku ne: na babban jak mai kaurin milimita 6.35 da kowa ya sani, da wani matsakaici mai 4.4, sai wani faffaɗa mai ido huɗu da ake kira XLR. Yaron ya ji an ce ramukan balans ɗin sun fi ƙarfi. Gaskiya ne kuwa, domin su na ninka ƙarfin wutar da ke zuwa kunne.

Sai dai hedifon ɗin sa na gama-gari ne. Irin wannan wayoyi uku ne a bakin sa: ta hagu, ta dama, da ɗaya da kunnuwan biyu su ke tarayya a kan ta wajen mayar da wuta. Shi kuwa mai balans huɗu ne, kowane kunne da wayoyin sa biyu, ba mai shiga harkar wani. Yaron bai san wannan ba. Ana gobe furodusa zai karɓi aikin sa, ya tafi wurin wani mai gyaran rediyo ya ce a haɗa masa adafta. Mai gyara ya ƙulle wayoyin mayarwa biyun wuri ɗaya, ya liƙe da dalma, ya karɓi kuɗin sa.

Daren nan da ya soka ta, ƙara ɗaya ya ji, sai ƙaurin ƙuna. Amfilifaya ta ɗauke.

Da safe ya tsaya a bakin ƙofa ya na sosa ƙeya. "Oga, don Allah a yi haƙuri, wallahi ƙarfi kawai na ke nema."

"To ai ka samu," inji ogan. "Kai da ba ka san abu ba, me ya hana ka tambaya?"

Da tsohon jak aka ƙarasa fim ɗin, kuɗin gyara kuma a albashin sa aka cire. Kora ce kaɗai bai sha ba.

Tun daga nan ya zama ɗan gani-kashe-nin bakin waya. Yanzu in aka zauna hira sai ya yi ta zuba: wai babban jak ɗin nan asalin sa daga teburin haɗa tarho ne tun ƙarni na 19, da kamfanin HeadRoom na Amurka ya fito da amfilifayar sa mai balans a 2001, bakin XLR biyu masu ido uku ya sa, kowane kunne da nasa, abu ya yi nauyi kamar kwaɗon shago. Siririn nan mai milimita 2.5 da Astell&Kern su ka yayata kuwa ko kallon sa ba ya yi, ya ce zama ɗaya a kan waya ya isa ya karya shi. Na 4.4, wanda aka fito da shi a Japan a 2016 da sunan Pentaconn, Sony kuma ta rungume shi, ya yarda ya na da ƙwari, kuma shi ya dace da mai yawo da na'ura a jaka zuwa lokeshin.

Amma a kan tebur, shi dai XLR mai ido huɗu. Dalilin sa ba wai daɗin sauti ba ne, don ya sha faɗa wa mawaƙan da ke shigowa cewa baki ba ya ƙara wa murya zaƙi. Maganar kashe ƙugi da ake yi wa balans ma ta fi amfani a doguwar wayar makirfo, ba a wayar hedifon da ba ta wuce taku biyu ba. Abin da ya ke so shi ne girman sa, da sauƙin liƙa shi in waya ta tsinke, da kuma cewa babu jak ɗin da zai shiga ramin bisa kuskure. A ɗakin da mutum goma ke shiga su na fita, kowa da hannun taɓe-taɓe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga baya ya tara kuɗi ya sayi hedifon mai wayoyi huɗu, ya kuma gano cewa adaftar da ke kai irin wannan zuwa ramin gama-gari ba ta da illa. Akasin haka ne ke ƙona kaya. Ita kuwa waccan adaftar ta mai gyaran rediyo ta na nan rataye a ƙusa a saman kwamfutar sa, ya naɗe bakin ta da jan salatif. Duk sabon yaron da aka kawo koyon aiki, ita ya ke fara nuna masa.