Tankar da Muka Haɗa Ni da Ɗana

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda yara suke ƙera mota da karan dawa ko langa-langa, su yanko tsohon silifa su yi mata taya. A Ingila, inda aiki ya kawo ni da iyalina, na tarar manya ma suna wannan wasa, har da masu furfura. Sai dai su da ƙarfe suke yi, da batir da injin lantarki, suna sarrafa abin ta rediyo daga nesa. A 1974 kamfanin Tamiya na Japan ya fito da ƙaramar tankar yaƙi irin wadda ake kira Sherman, mai girman kashi ɗaya cikin 16 na ta gaske. Wannan mutum yana iya ɗaukarta a hammata. Amma akwai waɗanda ba abin da ke gamsar da su sai kashi ɗaya cikin 6. Irin wannan babbar ce muka haɗa, ni da ɗana mai shekara 14.

Wani dattijo abokin aikina ne ya saye ta gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, ya fara haɗawa, sai idanunsa suka raunana. Ya sayar mini da rahusa. Na karɓa ne domin yaron, gama a lokacin nan ya ƙi lissafi ƙiri-ƙiri, magana ma tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa.

Siffar tankar Jamus ce mai suna Tiger, wadda kamfanin Henschel ya ƙera a birnin Kassel daga 1942 zuwa 1944, wajen guda 1,350. Nauyin ta gaske ya kai tan 57, tsawonta kuwa har da bakin igwa mita 8 da santimita 45. Na ce wa yaron ya raba tsawon gida 6. Ya sami santimita 141, muka auna tamu, haka ne. Sa'an nan na ce ya faɗa mini nauyinta. Ya raba tan 57 gida 6, ya ce tan 9 da rabi. Ya dubi akwatunan, ya ce, "Baba, wannan ba zai yiwu ba." Na bar shi da takardarsa. Kwana biyu yana fama kafin ya gane cewa tsawo da faɗi da tsayi duka sun ragu, watau sai a raba da 6 har sau uku, 216 ke nan. Amsar ta zama kilo 264. Tamu ba ta kai haka ba, tun da yake jikinta alminiyam ne, amma ta yi nauyin buhun siminti uku. Ba a ɗaga ta, sai dai a kafa katako ta hau da kanta.

Ƙafafun su ne suka fi cin lokaci. Tiger ta farko tana da wili 24 a kowane gefe, an jera su suna shiga tsakanin juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Dabarar ita ce nauyi ya bazu a kan ƙasa. Amma in wilin ciki ya lalace, dole a kwance na waje da dama kafin a kai gare shi. A fagen yaƙin Rasha kuma laka takan shiga tsakani ta daskare da dare, da safe tankar ta kasa motsi. Mai karatu, ba a littafi kaɗai muka san wannan ba. Tsakuwa ɗaya ta maƙale mana a ciki, muka kwance wili biyar kafin mu fitar da ita. A ganina masu zanen sun tuna da komai, ban da makanikin da zai yi gyara.

Sarƙar da take tafiya a kai tana da gaɓa 96 kowane gefe, kowace gaɓa sai an goge ta da magagari, a zura mata ƙusa. Wannan aikin yaron ne, ya kuwa gama shi cikin mako uku.

Abin da ya zo cikin akwati mafari ne kawai. Kowace sarƙa tana da injinta. In an rage gudun ɗaya sai tankar ta karkata wajen, in aka juya su saɓanin juna sai ta kewaya a wuri ɗaya. A kan ciyawa wannan kewaya tana jan wuta ƙwarai, waya ta yi zafi. Saboda haka muka sake waya mai kauri, muka sa wa kowane inji fiyus nasa, muka ƙara boris a wilin da ke jan sarƙa. Muka kuma ɓoye babban makunni a ƙarƙashin murfin baya, wanda zai yanke wuta nan take. Kada wani ya ce wannan ƙawa ce. Abu mai nauyin mutum biyu in ya ƙwace, ƙafar ƙaramin yaro ba komai ba ce a gabansa.

Uwargida ba ta so aikin ba tun farko, ba kuwa don kuɗi ba. Mahaifinta yana cikin sojojin da aka kwasa daga Nijeriya zuwa Burma a yaƙin duniya na biyu, ya komo, bai taɓa yarda ya ba da labarin ba har ya rasu. Ta ce mini, "Baban yara, abin kashe mutane ne kuke yi wa kwalliya." Gaskiyarta. An ma yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki a masana'antun Henschel. Na gaya wa yaron wannan a gabanta.

Daga baya muka tafi mu uku gidan ajiye tankoki na Bovington, a kudancin Ingila. A can Tiger mai lamba 131 take, wadda sojojin Ingila suka kama a Tunisiya a watan Afrilu 1943. Harsashi ne ya goge ƙarƙashin igwarta ya maƙale, hasumiyar ta kasa juyawa, mutanen ciki suka fita suka bar ta. Tabon yana nan, ana gani. Yaron ya daɗe tsaye a wurin, yana tambayar yadda mutum biyar suke zama cikin wannan ɗan ɗaki na ƙarfe, da zafi, da ƙara.

Da muka komo gida shi ne ya kawo shawara mu mai da tamu ta zama 131 a ranar da aka kama ta. Ya ɗauki magagari ya sassaƙa tabon a ƙarƙashin igwa, daidai awo. Na'urar da ke sa bakin igwa ya yi walƙiya da ƙara muka bar ta cikin akwati. Ɗan injin juya hasumiya kuwa, wanda ya riga ya ɓata sati guda yana daidaitawa, ya cire masa waya da hannunsa.

Uwargida ba ta ce ta yarda ba. Amma ita ce ta lura fentin da muka fara shafawa ya fi wanda ta gani a Bovington haske, ta ce a ƙara masa ɗan ruwan ƙasa. Yanzu saura lamba 131 a gefen hasumiya. Yaron yana lissafin tsayin da kowane adadi zai yi.